Ƙungiyar Koyon Jawabi a Bainar Jama'a

Ƙungiyar koyon jawabi taro ne na sa-kai da ake yi mako-mako ko bayan mako biyu, inda kowane mamba yake tashi ya yi magana a gaban 'yan'uwansa, su kuma su saurare shi, sannan su nuna masa inda ya dace da inda ya kuskure. Ba ta da malami guda, domin karɓa-karɓa ake yi: wanda ya jagoranci zaman yau, mako mai zuwa shi za a yi wa gyara.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne na Toastmasters International, wadda Ralph C. Smedley ya kafa a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya a Amurka a shekarar 1924. A Sakkwato, wasu masu sha'awar wannan fanni sun fara ne daga muhawara da kacici-kacici na makarantun sakandare, wasu kuma suka ci gaba a ƙungiyoyin ɗalibai na manyan makarantu irin su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Dama ƙasar Sakkwato ta san darajar magana tun zamanin Shehu Usmanu, wanda ya fara wa'azi wajejen 1774, yana yi wa jama'a bayani da Fulatanci da Hausa.

Yadda zama yake gudana

A tsarin Toastmasters, jawabin da aka shirya yakan ɗauki minti 5 zuwa 7. Mai kula da lokaci yana ɗaga koren kati a minti na 5, ruwan ɗorawa a na 6, ja kuma a na 7. Akwai wanda aikinsa ƙirga kalmomin cike gurbi, irin su "wato" da "ka gane ko", waɗanda mai magana ba ya jin fitarsu daga bakinsa sai an karanta masa adadinsu. Akwai kuma sashen ba-zata, inda ake jefa wa mutum tambaya ya amsa nan take cikin minti 1 zuwa 2.

Sabon shiga yakan fara da ba da labarin kansa. A nan ake ganin takarda tana rawa a hannu, murya ta shaƙe, ido ya kafe a kan tabarma. Wannan sunkuyar da kai tana buƙatar a fahimce ta da kyau, domin yaron da ya tashi a gidan da kallon babba ido cikin ido rashin kunya ne, tarbiyya yake nunawa. Mai gyara nagari yakan koya masa ɗaga kai da raba kallo ga dukkan masu sauraro ba tare da ya zubar da ladabinsa ba, kuma yakan fara da yabon abin da ya yi daidai kafin ya ambaci kuskure ɗaya ko biyu.

Batun harshe

Wasu suna shiga ne domin gyara Turancinsu saboda ganawar neman aiki ko kare kundin bincike, wasu kuma da Hausa suke so su ƙware, don taron unguwa, ɗaurin aure ko shirin rediyo. Bai kamata mai gyara ya lissafa Sakkwatanci cikin kurakurai ba. Wanda ya ce "wanga" a maimakon "wannan", ko "mi" a maimakon "me", karin harshensa ya yi, kuma masu sauraronsa da shi suke magana a gida da kasuwa.