Aya, waƙafi da ruwa biyu: tambayoyin masu rubuta kundi

Duk lokacin da rubuta kundin kammala karatu ya zo, ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kan yi ta tambaya a kan alamomin rubutu. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Malam, tunda ana gane abin da nake nufi, mene ne na damuwa da waƙafi?

Ba kullum ake ganewa ba. Ka rubuta: "An yi hira da manoma, mata da matasa." Rukuni uku ke nan. Ka cire waƙafin, ya koma "manoma mata da matasa", sai mai karatu ya ɗauka dukkansu manoma ne, wasu mata, wasu matasa. Wannan ya canza mutanen da ka yi bincike a kansu, alhali sakamakonka duka a kansu ya dogara. Ranar kare kundi kana nan za ka iya bayani, amma wanda zai ɗauko aikin a laburare bayan shekaru ba shi da wanda zai tambaya.

An ce a sa waƙafi duk inda aka ja numfashi. Haka ne?

Ban yarda da wannan shawara ba, domin ita ke haifar da sakin layi guda mai waƙafi goma babu aya ko ɗaya. Numfashin mutane ya bambanta. Ginin jimla ake dubawa. Idan magana ta cika, ta tsaya da ƙafarta, a sa aya. Waƙafi aikinsa raba jerin abubuwa, da keɓe bayanin da aka tsarma a tsakiya, da biyo bayan kalmomi irin su "sai dai" ko "bugu da ƙari" idan sun buɗe jimla.

Ina bambancin ruwa biyu da waƙafi mai ruwa?

Ruwa biyu (:) na sanar da cewa ga jeri ko bayani nan tafe. Waƙafi mai ruwa (;) na haɗa jimloli biyu masu kusancin ma'ana. A tsarin APA kuma, wato wani salon kawo manazarta a rubutun bincike, waƙafi mai ruwa ake sawa tsakanin manazarta biyu a cikin baka biyu.

Zan iya sa alamar motsin rai (!)?

Sai dai a cikin zancen wanda ka yi hira da shi. Ayar tambaya ma a kula: "Binciken zai duba ko ruwan famfo na isa Rigasa" ba tambaya ba ce, aya za a sa.

Idan da Hausa nake rubutu fa?

Nan akwai ƙarin aiki. Alamar da ke cikin "sa'a" da "'ya'ya" ɓangaren kalma ce, ba a barin ta. Karan ɗori kuma yana shiga kalmomi irin su "tafiye-tafiye". Waɗannan ƙa'idoji ba yau aka fara tsara su ba: an zauna kansu a Bamako a 1966, da Kano a 1972, da Yamai a 1980. Idan ka kai aikinka shagon buga takardu, ka karɓo ka bi shi layi-layi, domin idan ba a saita kwamfuta da Hausa ba, ana iya buga b, d da k a maimakon ɓ, ɗ da ƙ, sai "ƙasa" ta koma "kasa".