Mece ce intaferon, kuma me ya haɗa ta da RNA?

Intaferon furotin ce da ƙwayar halittar jiki ke fitarwa da zarar bairas ya shige ta. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano ta a Landan a 1957, suna gwajin bairas ɗin mura a kan tantanin ƙwan kaza. Ita da kanta ba ta kashe bairas. Aikinta irin na mai kuwwa ne a ƙauye: ɓarawo ya riga ya shiga gidansa, amma ihunsa ya sa maƙwabta sun tashi sun kulle ƙofa.

To ta yaya ƙwayar ke sanin an shigo mata? Nan RNA ya shigo, wato silin da ke ɗauke da saƙon gado wanda ƙwaya ke bi ta ƙera furotin. Namu RNA ɗin galibi sili ɗaya ne. Bairas irin na mura, ƙyanda ko zazzaɓin Lassa kuwa, in yana kwafar kansa, yakan bar RNA mai sili biyu a manne, ko wanda bakinsa ba shi da murfin da namu ke da shi. Cikin ƙwayar akwai furotin masu gadi, RIG-I da MDA5, da ke cafke irin wannan baƙon RNA. Suna cafkewa sai intaferon ta fita.

Maƙwabtan da saƙon ya isa gare su sukan kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Wani furotin da hakan ke samarwa, PKR, yana tsayar da ƙera furotin cak, bairas ya rasa abin gina jikinsa. Wani, RNase L, yana daddatsa RNA, har da na ƙwayar kanta. Abin da tsada. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da ke kwantar da mutum lokacin mura, wani kasonsu aikin intaferon ne.

Mai kiwo a Haɗejia ko Ɗambatta zai fi kowa gane wannan. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna da Kano a 2006, an ga yadda take share akurki cikin 'yan kwanaki. Agwagwa kuwa sau da yawa takan ɗauki bairas ɗin mura ta ci gaba da wankanta a kududdufi. Wani bincike na 2010 ya nuna agwagwa na da RIG-I, kaza ba ta da shi, sai dai MDA5. Ba shi kaɗai ne dalili ba, kuma nau'i mai zafi yana kashe agwagin ma, amma a ganina ya isa ya sa mai kaji ya daina barinsu suna shan ruwa a kasko ɗaya da agwagi.

Bairas ma ba ya zaune. Na mura yana da furotin NS1 da ke toshe RIG-I. Na Lassa yana narkar da RNA mai sili biyun tun kafin masu gadi su gan shi, shi ya sa yakan yi nisa a jiki ƙwayoyin ba su yi kuwwa ba.