Gandun Dajin Yankari

Yankari gandun namun daji ne mallakar gwamnati, yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandun daji na ƙasa, a 2006 kuma ya dawo hannun gwamnatin Bauchi.

Kogin Gaji ne ran wannan daji. Da rani ya yi tsanani, tafkuna suka ƙafe, sai dabbobi su gangaro bakinsa: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, gadu da gwaggon biri. A cikin ruwan akwai dorina da kada. An ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 350 a dajin, zakuna kuwa 'yan kaɗan ne suka saura. Yawancin baƙi maɓulɓular Wikki ke jawo su, wadda ruwanta garai-garai yake, ɗuminsa kuma yana tsaye a kan digiri 31 damina da rani. Kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey da kufan maƙera sun nuna cewa mutane sun zauna a wurin tun kafin a keɓe shi.

Doka ta hana farauta da kiwo da noma da saran itace a cikin gandun. Sai dai kafa dokar ya fi tsare ta sauƙi nesa ba kusa ba. Babu shinge a kewayen dajin, ƙauyuka sun zagaye shi, gonaki kuma suna ta matsowa. Makiyaya kan kora shanu ciki da rani saboda ciyawa da ruwa, mafarauta kuma suna shiga neman nama ko hauren giwa. Masu gadin daji ne ke fuskantar wannan duka, suna kwana a jeji suna sintiri da ƙafa, wasunsu ma sun rasa rayukansu a bakin aiki. Ba a yaba musu yadda ya kamata.

Giwayen Yankari na cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya, kuma a kansu ne rikicin ya fi zafi. Idan amfanin gona ya nuna sukan fito daga dajin, a dare ɗaya su cinye gumin shekarar manomi. Wanda aka yi wa haka da wuya ya ga amfanin gandun. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS (Wildlife Conservation Society) ke aiki da gwamnatin jihar bisa yarjejeniya wajen horar da masu gadi da tsara sintiri. An ɗaura wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya, an kuma ɗauki mutanen ƙauyukan aikin lura da zirga-zirgar garken, su sanar da manoma da hukuma kafin ya isa gona. Kisan giwaye don haure ya ragu ƙwarai daga lokacin, amma kiwo a cikin dajin da ɓarnar gonaki suna nan ana fama da su.