Cocin Hirta (St Kilda)

Cocin Hirta ƙaramar majami'a ce ta dutse da ke bakin gaɓar ƙauye ɗaya tilo na tsibirin Hirta, babba a cikin tsibiran St Kilda na ƙasar Sikotilan. Tsibiran suna cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 64 yamma da tsibirin North Uist. An kammala ginin a 1830, ikilisiyar kuma ta yi sujada a cikinsa shekara ɗari cif kafin a kwashe mutanen tsibirin gaba ɗaya.

Kiristanci ya daɗe a Hirta kafin wannan ginin. Da marubuci Martin Martin ya ziyarci tsibirin a 1697, ya tarar da mutum kusan 180 da ƙananan ɗakunan ibada uku. Harshen Gelik mutanen suke ji, abincinsu kuwa akasari tsuntsayen teku ne da ƙwansu, waɗanda maza ke sauka da igiya a jikin duwatsu su kamo. Mai bishara Alexander Buchan ya zauna da su daga 1705, amma bayansa sau da yawa sai a yi shekaru babu mai wa'azi.

Wanda ya tayar da maganar gina coci shi ne Rabaran John MacDonald na Ferintosh, da ya fara zuwa a 1822. Ya koma ya nemi kuɗi, aka yi ginin da gidan fasto bisa zanen Robert Stevenson, injiniyan da ya yi suna wajen gina hasumiyoyin fitilar jiragen ruwa. Ciki babu ado ko kaɗan, daga mumbari sai bencina.

Fasto na farko, Neil Mackenzie, ya iso a 1830 ya yi kusan shekara 14. Aikinsa bai tsaya kan mumbari ba. Ya koya wa yara karatu, ya sa aka yi magudanan ruwa a gonaki, aka raba filaye, aka tashi daga tsohon ƙauyen da gidaje suka cunkushe aka gina sababbi a jere suna fuskantar teku. Ƙauyen da baƙi ke gani yau, shi ya aza tubalinsa. Da cocin ƙasar Sikotilan ya rabu a 1843, mutanen Hirta suka bi ɓangaren da ya ɓalle, wato Free Church.

Zamanin da aka fi ta da jijiyar wuya a kansa shi ne na John Mackay, daga 1865 zuwa 1889. Sujada uku ake yi ran Lahadi, kowace tana cin awa biyu zuwa uku, ga taron addu'a a tsakiyar mako. Ba a kamun tsuntsu, ba a sauke kaya daga jirgi ran Lahadi. Baƙi da yawa sun rubuta cewa tsananinsa ya kashe waƙoƙi da raye-rayen gargajiya. Akwai gaskiya a zargin, sai dai masu yinsa akasari 'yan yawon buɗe ido ne da ba sa jin Gelik, kwana kaɗan suke yi su tafi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne mutanen da kansu suka riƙe ibadar hannu bibbiyu. A kowane gida ana karanta Littafi Mai Tsarki safe da yamma, a coci kuma ana rera Zabura ba tare da kayan kiɗa ba: mai ba da waƙa ya rera layi, jama'a su amsa.

Magajinsa Angus Fiddes ya cancanci a fi tunawa da shi. A lokacin, jarirai da yawa suna mutuwa da cutar sandarewar jiki ta hanyar cibiya, wadda mutanen ke kira ciwon kwana takwas. Fiddes ya nemo nas, ya dage kan tsabtar yanke cibiya har cutar ta kau kafin ƙarshen ƙarnin. A zamaninsa ne kuma aka haɗa ɗakin makaranta a jikin cocin.

Duk da haka jama'a sai raguwa suke yi. Tun a 1852 mutum 36 suka tashi zuwa Ostareliya, kusan rabinsu suka mutu a tafiyar. A watan Mayu na 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya yi wa tashar sadarwar tsibirin ruwan harsashi, cocin ma ya sami rabonsa. Bayan yaƙin samari suka yi ta ficewa, har aka rasa majiya ƙarfin da za su hau duwatsu. Ran 29 ga Agusta 1930 jirgin Harebell ya ɗebi mutum 36 da suka rage, bisa roƙonsu. Kafin su fita, sun bar Littafi Mai Tsarki a buɗe da ɗan tsibin hatsi a cikin gidajensu. Yawancinsu an zaunar da su a yankin Morvern, inda mazan suka kama aikin gandun daji.

Ginin ya lalace bayan tafiyarsu. A 1957 tsibiran suka koma hannun National Trust for Scotland, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi na Sikotilan, a shekarar ce kuma soja suka kafa sansani kusa da cocin. An gyara shi, aka sake keɓe shi don ibada a 1980, cikar shekara 50 da tashin mutanen. UNESCO ta sa St Kilda cikin wuraren tarihi na duniya a 1986. Yanzu cocin ba shi da ikilisiya ta dindindin, amma akan yi sujada a cikinsa lokaci lokaci idan ma'aikata da baƙi suka taru.