Na'urar bin motsin ido ma tana kuskure

Da yawa sun ɗauka cewa duk inda na'urar bin motsin ido ta aza ɗigo a allon kwamfuta, to can ɗin mutum ya kalla, babu ko tantama. Shi ya sa wasu masu bincike kan ambaci sunan na'urar kawai a rahotonsu, su wuce.

Alhali kiyasi na'urar take yi. Yawancinsu suna haska ido da wani haske da ba a gani, kyamara ta ɗauki tsakiyar ƙwayar ido da ƙyallin da ya dawo daga samanta, sannan a lissafa inda kallon ya dosa. Kamfanonin da ke ƙera ta kan ce kuskuren bai wuce rabin digiri ba (digiri ma'aunin kusurwar kallo ne), amma a yanayi mai kyau aka auna hakan. Tabarau, kwalliyar gashin ido, gyaɗa kai, har sauyin hasken ɗaki da ke buɗe ƙwayar ido ko tsuke ta, duk suna karkatar da ɗigon. Kar a raina digiri 1: ga wanda ya zauna santimita 57 daga allo, santimita 1 ke nan, ya isa ya mai da kallon wannan kalma na maƙwabciyarta.

Saurin na'ura ma ba ya magance wannan. Mai ɗaukar hoto sau 1000 a daƙiƙa, in aka saita ta a karkace, a karkacen za ta yi ta aunawa.

Don haka rahoto nagari ke bayyana yadda aka saita na'urar ga kowane mutum, kuskuren da aka auna a lokacin gwajin, yawan bayanan da suka ɓace, da ƙa'idar da aka bi wajen raba tsayawar ido a wuri ɗaya da tsallensa zuwa wani wurin.