Tamowa a jihar Maraɗi: haɗarinta, awonta da yadda ake gano ta

Tamowa cuta ce ta ƙananan yara da ke tasowa idan jiki bai samu abin gina shi daidai buƙata ba, ko kuma ya samu amma wata rashin lafiya ta hana shi amfana. A ƙasar Maraɗi wasu na ce mata kwamiso. Iri biyu ne aka fi sani. Akwai tsumburewa, wadda ke ɗaukar shekaru tana hana yaro kai tsawon sa'o'insa. Akwai kuma mai saurin kamu, wadda cikin ƴan makonni take ramar da yaro ko ta kumbura masa jiki, kuma ita ce wannan maƙala ta shafa. Ta fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 2, ko da yake ana yi wa yara awo har zuwa wata 59. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa yaron da ramarsa ta yi tsanani, haɗarin mutuwarsa ya ninka na lafiyayyen yaro fiye da sau 10.

Maraɗi na da matsayi na musamman a tarihin wannan cuta. Wani kaso mai yawa na abin da duniya ta sani yau game da jinyar tamowa a gida, a gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji aka gwada shi, a kan ƴaƴan mutanen wurin.

Abubuwan da ke kawo ta

Baƙo yakan yi mamakin jin cewa tamowa ta yi katutu a Maraɗi, jihar da ke noma gero, dawa, wake, gyaɗa da aya har ta sayar wa maƙwabta. Amma cikar rumbu daban, abin da ke shiga cikin ɗan wata 9 daban. Ƙidayar 2012 ta samu mutum wajen miliyan 3.4 a jihar, akasarinsu a kudu, inda gonaki suka tsuke saboda rabon gado. Gidaje da yawa hatsinsu kan ƙare tun kafin damina ta kankama, sai a koma kasuwa daidai lokacin da tiyar gero ta fi tsada. Hura da kunu, waɗanda su ne abincin yaro na farko bayan nono, idan aka tsinka su da ruwa sukan cika ciki ba tare da sun gina jiki ba.

Sai dai yunwa rabin labarin ce. Watannin ƙarancin abinci, daga Yuni zuwa Satumba, su ne kuma watannin da sauro ke yawa, kuma cibiyoyin jinya sun fi cika daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. A wani bincike da aka yi a Madarunfa kan yara 2,399 masu tamowa mai tsanani, an tarar fiye da rabinsu na ɗauke da zazzaɓin cizon sauro ranar da aka karɓe su. Wani binciken, da aka wallafa a 2013 kan yara 311 da aka kwantar a Maraɗi, ya gano cewa kusan rabinsu na fama da zawo, kashi ɗaya cikin uku na da cutar numfashi, kashi 17 cikin 100 kuma ƙwayoyin cuta sun shiga jininsu. Zawo da ƙyanda da zazzaɓi su ke ramar da yaro, ramar kuma ta raunana garkuwar jikinsa ta buɗe wa wata cutar ƙofa.

Haihuwa kusa da kusa ma na da hannu. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, Maraɗi kuwa ta ɗara haka. Idan mace ta samu ciki tana goyo, al'ada ita ce a yaye yaron dare ɗaya don tsoron nonon ciki, wani lokaci a kai shi wurin kakarsa. Yaron da aka yaye haka yakan ƙi abinci kwanaki, kuma daga nan rama kan soma. Likitoci ba su ga wata illa a nonon mai ciki ba.

Hanyoyin awo

Hanyoyi uku ne aka yarda da su, kuma ko ɗaya daga ciki ta nuna tsanani, ta isa a karɓi yaro.

Ta farko ita ce gwada nauyi da tsawo. A rataye yaro a sikeli, a kwantar da shi a allon awo, sannan a duba jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 bayan bin girman yara a ƙasashe shida, ciki har da Gana. Hanya ce mai kyau, amma tana buƙatar kayan aiki, mutum biyu, da wanda ya iya karanta jadawali. Ga yaro na tsala ihu yana wutsil-wutsil, kuskuren santimita ɗaya ba wuya.

Ta biyu ita ce awon damtse, da ɗan siririn zaren roba mai launi uku. Ana tanƙwara hannun hagu na yaro a nemi tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, sannan a saki hannun ya miƙe, a zagaya zaren a zura bakinsa cikin ƴar taga. Kada a matse har fata ta tattare, kada kuma a bar shi sako-sako. Launin da ya bayyana a tagar shi ne amsa. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Ruwan ɗorawa, daga 115 zuwa ƙasa da 125, matsakaiciya ce. Tsanwa, daga 125 zuwa sama, babu rama. A da iyakar jan 110 ce, sai a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga ta zuwa 115 don a kama yara tun da sauran ƙarfinsu.

Ta uku ita ce duba kumburi. A danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro duka biyu, a ƙirga daƙiƙa uku, a ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna a ƙafafun biyu, yaron na cikin tamowa mai tsanani ko da damtsensa ya nuna tsanwa. Irin wannan ce ke yaudarar iyaye, domin kumatun yaron sun cika, sai a ɗauka ƙiba ce.

Masana sun daɗe suna muhawara kan hanya ta farko da ta biyu, saboda ba yara ɗaya suke kamawa ba. Zaren ya fi kama ƙanana, da yara mata, da waɗanda suka tsumbure. Sikeli da allo sun fi kama waɗanda suka ɗan tasa da masu dogayen gaɓoɓi. Bincike da yawa ya nuna awon damtse na hango yaron da ke kusa da mutuwa, shi ya sa aka dogara da shi a ƙauyuka. Amma yaron da zare ya wanke, sikeli kuma ya kama, shi ma yana cikin haɗari, don haka cibiyoyin lafiya na amfani da duka biyun.

Zare a hannun uwa

Shekaru da dama awon damtse aikin ma'aikatan lafiya ne da masu sa kai na gari, waɗanda ke zagayawa lokaci zuwa lokaci. Tamowa kuwa ba ta jiran ranar zagaye. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN suka tambayi abin da ya kamata a ce an tambaya tuntuni: me zai hana uwa ta auna ɗanta da kanta? Binciken farko, na 2015, ya nuna cewa bayan ɗan gajeren horo, iyaye mata da akasarinsu ba su yi lakwal ba suna rarrabe launukan kusan daidai da ma'aikata. Na biyu, wanda aka wallafa a 2016, ya horar da mata fiye da 12,000 a yankin Dogo, ya kwatanta da Takyeta inda aikin ya zauna a hannun ma'aikata. A yankin da iyaye ke awo, yara sun zo likita da wuri, waɗanda suka buƙaci kwanciya ba su kai na ɗaya yankin ba, kuɗin da aka kashe ma bai kai ba.

Daga nan tsarin ya bazu zuwa Maraɗi da ƙasashe masu yawa. Daga cikin duk binciken da aka yi kan tamowa a Nijar, da wuya a samu wanda ya fi wannan amfani idan aka dubi arharsa. Matar da ke goya yaro a bayanta kullum, ita ke fara jin ya yi sauƙi. Abin da ta rasa kawai shi ne shaidar da za ta nuna wa maigida da malamin likita, kuma zaren ya ba ta.

Gida ko gado

Bayan an tabbatar da tamowa mai tsanani, saura a san inda za a yi jinya. Hukuncin ya rataya a kan gwajin cin abinci. Uwa ta wanke hannu ta zauna da ɗanta a gefe inda babu hayaniya, a ba ta ƙunshin abincin magani da kofin ruwa, ma'aikaci na kallo daga nesa. In yaron ya ci abin kirki, kuma ba ya da zazzaɓi mai zafi, amai marar tsayawa, numfashi sama-sama, jijjiga ko kumburin da ya game jiki, sai a sa shi a shirin jinyar gida da ake kira CRENAS, uwa ta riƙa zuwa awo mako-mako tana karɓar rabonsa. In ya kawar da kai ya ƙi ci, sai CRENI, inda ake kwantar da shi a fara da madarar F-75 kaɗan-kaɗan dare da rana, domin jikin da ya rame haka ba ya iya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya.

Abincin maganin, wanda mata a nan ke kira biskit, haɗin gyaɗa ne da garin madara, sukari, mai da sinadaran gina jiki. André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro shi a Faransa a 1996 da sunan Plumpy'Nut. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, kalori 500, ba a dafawa, ba a haɗawa da ruwa. A matsalar abinci ta 2005 aka fara gwada shi da yawan gaske: ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a shekarar, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida suka warke. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da jinyar gida a matsayin tsari na duniya. Har yau mata daga yankin Jibiya da Katsina na ƙetaro iyaka zuwa Ɗan Isa da Madarunfa da ƴaƴansu.

Batun amoksisilin

Ƙa'ida ce a ba duk yaron da ke jinyar gida maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda, ko da bai nuna alamar wata cuta ba. Wani bincike a Malawi a 2013 ya goyi bayan haka. Sheila Isanaka da abokan aikinta na cibiyar Epicentre suka sake gwada batun a cibiyoyin lafiya huɗu na Madarunfa tsakanin 2012 da 2013, aka wallafa sakamakon a 2016. Rabin yaran sun sha amoksisilin, rabi sun sha abin da ya yi kama da shi amma babu magani ciki. Waɗanda suka warke kashi 65.9 ne cikin 100 a rukunin farko, 62.7 a na biyu, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Sai dai maganin ya rage yawan waɗanda aka mayar asibiti, daga kashi 30.7 zuwa 26.4.

Tambayar na da nauyi saboda bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Wani ɗan ƙaramin bincike a cibiyar jinyar tamowa ta Maraɗi, da aka wallafa a 2011, ya tarar kashi 31 cikin 100 na yaran sun zo da ƙwayoyin hanji masu bijire wa manyan magunguna, kuma kusan duk waɗanda aka sake dubawa cikin waɗanda suka zo ba su da su, sun kwashe su kafin sallama. Wannan ƙarin dalili ne na gano yaro tun bai kai ga kwanciya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta bar amoksisilin cikin ƙa'idarta.

Rigakafi da sallama

Binciken da aka wallafa a 2009 daga ƙauyuka 12 na jihar Maraɗi ya nuna cewa ba yaran da ba su rame ba abincin magani na wata uku kafin kaka ya rage kamuwa da rama mai tsanani da kashi 58 cikin 100. A Madarunfa kuma aka gwada wani rigakafi mai jure zafin rana na rotabairos, ƙwayar da ke haddasa mummunan zawo ga jarirai. Sakamakon 2017, daga jarirai 3,508, ya nuna kariya ta kashi 66.7 cikin 100. Rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, da aka soma a Nijar a 2013, an haɗa shi da awon damtse, ta yadda mai raba magani gida-gida yana tafe da zarensa.

A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013, ana sallamar yaro ne idan damtsensa ya kai milimita 125, ko nauyinsa ya daidaita da tsawonsa, kuma kumburi ya ɓace na aƙalla mako biyu. Yaron da aka sallama na iya komawa cikin rama a watannin farko, musamman in zawo ko zazzaɓi ya kama shi, don haka ake so uwa ta ci gaba da awo a gida. Sabuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta jaddada wannan bibiya, ta kuma ba da muhimmanci ga jarirai ƴan ƙasa da wata 6, waɗanda ba a ba su biskit. Su jinyarsu ta dogara ne ga gyara shayarwa da kula da lafiyar uwar kanta.