Ledar abincin mage ta ragu, kuɗinta bai ragu ba: tambayoyi da amsoshi

Mafi yawan kyanwoyin Damagaram ba su san abincin kanti ba, domin da sauran tuwo da kan kifi da ɓeran rumbu suke rayuwa. Amma akwai gidajen da ke sayen abincin mage na leda, ko na gwangwani, ko busasshe mai ƙwayoyi, wanda ƴan kasuwa ke kawowa daga Yamai ko daga Kano, kuma daga waɗannan gidaje ne koke ɗaya ya yi ta fitowa: buhun da a da yake kai wata guda, yanzu ba ya kaiwa. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa, tare da abin da ya sauwaƙa na amsa.

Wata Hajiya daga unguwar Birni ta ce tana ganin kamar ledar da ta saba saye ta ƙanƙance. Idonta ne, ko kuwa gaskiya ne?

Hajiya, idonki bai yaudare ki ba. Wasu manyan kamfanonin da ke yin wannan abinci a Turai sun rage nauyin kayansu a ƴan shekarun nan, kuma misalin da aka fi sani shi ne ƴar ledar Whiskas, ta kamfanin Mars, wadda ta sauka daga giram 100 zuwa giram 85 a Ingila. Idan kina da tsohuwar leda a ajiye, ki shimfiɗa ta kusa da sabuwa a kan tabarma. Za ki iya tarar da launi ɗaya, da hoton mage ɗaya mai lasar baki, har faɗin ma kusan ɗaya. Bambancin yana can ƙasa a wani lungu, inda aka rubuta nauyi da ƙananan haruffa bayan kalmomin Faransanci "poids net". Wannan lamba ita ce abin da kike biya, ba girman ledar ba.

Giram 15 kawai, har ya kai abin magana?

Ya kai, saboda abu ne da ake saye kullum. Mu ɗauka, a matsayin misali, ana sayar da leda ɗaya sefa 500. Lokacin da take giram 100, kilo guda ya tashi a kan sefa 5000, wato jika biyar. Da ta koma giram 85, kilo ɗin nan ya kusa sefa 5900. Kenan an yi ƙarin kusan kashi 18 cikin ɗari ba tare da mai shago ya canza ko dala ɗaya a bakinsa ba. Kwali mai leda 12 ya rasa giram 180, wanda ya fi sababbin ledoji biyu. Idan mage tana cin giram 300 a rana, a da leda 90 za ta ishe ta wata guda, yanzu kuwa sai kusan 106. Cikin mage bai ragu ba don leda ta ragu, saboda haka ko dai aljihu ya cika giɓin, ko kuma dabbar ta kwana da yunwa.

Me ya sa ba za su ƙara kuɗi kai tsaye ba? Shin wannan ba tauye mudu ba ne?

Tsadar da suke kuka da ita gaskiya ce. Tun daga shekarar 2021, kuma musamman bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, hatsi da nama da makamashi da kayan ƙunsa abinci da kuɗin jirgin ruwa duk sun tashi. Sai dai kamfani yana da zaɓi biyu, ya ƙara farashi ko ya rage awo, kuma ya san mai saye yana riƙe da farashi a ka amma ba ya riƙe da nauyi. Duk wanda ya taɓa awon hatsi a Kasuwar Dole ya san za a yi gardama a kan dala biyar da aka ƙara wa tiya, alhali da wuya wani ya tsaya duba ko gindin kwanon ya loɓa.

A fuskar doka ba a kiran wannan zamba, tun da an rubuta sabon nauyin a jikin ledar. A nawa ganin, duk da haka, bai yi nisa da tauye mudun da addini ya hana ba, domin an bar siffar ledar yadda take ne da niyyar kada a lura. Gwamnatin Faransa ma ta ga haka: tun daga ranar 1 ga Yuli 2024, duk kantin da girmansa ya wuce murabba'in mita 400 dole ne ya liƙa sanarwa ta wata biyu kusa da kayan da aka rage wa nauyi alhali farashin kilonsu ya tashi. Wannan takarda tana tsayawa ne a kan kantar Faransa, ba ta biyo kwalin zuwa Damagaram.

To ai a nan har kuɗin ma ya ƙaru, ba nauyi kaɗai ya ragu ba.

Haka ne, duka biyu muke sha. Wannan kaya na waje ne, ƙasarmu ba ta da bakin teku, kuma tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso kafin su iso Yamai, sannan su ci kusan kilomita 900 zuwa nan. Kowane zango yana ɗora nasa kuɗin a kan ledar da tun daga masana'anta aka riga aka rage.

Wani Malam mai shagon hatsi, wanda yake ajiye kyanwoyi biyu saboda ɓera, ya tambaya yadda zai gane wanne ya fi araha tsakanin buhuna masu girma dabam-dabam.

Malam, lissafin da kake yi wa gero shi za ka yi a nan. Da farko ka raba kuɗin da nauyin don ka sami farashin kilo guda. Buhu mai kilo 2 a kan sefa 7000 ya tashi 3500 kowane kilo, mai kilo ɗaya da rabi a kan sefa 5700 kuwa ya tashi 3800, ko da yake shi ne ya fi sauƙin fitarwa daga aljihu.

Amma farashin kilo rabin amsa ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne nawa ake kashewa a ciyar da mage ɗaya a rana ɗaya, domin abincin ba ƙarfinsa ɗaya ba. Babbar mage mai nauyin kilo 4 tana buƙatar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) 200 zuwa 250 a rana, kuma a bayan kowane buhu akwai jadawalin da ke nuna giram nawa za a ba ta gwargwadon nauyinta. Wanda aka cika shi da masara yakan buƙaci awo mai yawa kafin ya ƙosar. Idan mai sefa 3000 a kilo yana son giram 75 a rana, ka kashe sefa 225. Idan mai sefa 3800 yana son giram 55 kawai, ka kashe kusan 210. Wanda ake gani mai tsada sai ya zama shi ne mai sauƙi. Ina ba da shawara, ranar da ka buɗe buhu ka rubuta kwanan wata a jikinsa da biro, ranar da ya ƙare kuma ka ƙirga kwanakin ka raba kuɗin da su. Wannan lamba ba ta ruɗuwa da sabon zane ko sabuwar leda.

Tsakanin mai romo, wato na leda ko gwangwani, da busasshe, wanne ya fi biyan kuɗinsa?

Ta fuskar kuɗi, busasshen ne, da tazara mai yawa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na abincin leda da na gwangwani ruwa ne, alhali ruwan da ke cikin busasshe bai cika wuce kashi 10 ba. Shi ya sa giram 60 na ƙwayoyi ke yin aikin leda uku. Sai dai ruwan nan ba asara ba ne ga mage, dabba ce da ba ta da yawan shan ruwa, kuma a zafin bazara irin namu ƙarancin ruwa yana jawo ciwon mafitsara, musamman ga muzuru. Wanda ya dogara da busasshe ya ajiye ruwa mai tsabta a inuwa, a wuri fiye da ɗaya, ya riƙa canza shi safe da yamma.

Ana cewa ba nauyi kaɗai ake ragewa ba, har abin da ke ciki.

Wannan ya fi wuyar kamawa, kuma ya fi damuna. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan hatsi ya hau gaban nama a jerin, an canza abincin ko da sunansa bai canza ba. A ƙa'idar masu yin abincin dabbobi a Turai, idan aka rubuta cewa abinci yana "da kaza", kashi 4 cikin ɗari na kaza ya isa a rubuta hakan, komai girman cinyar da aka zana a gaba. A duba kuma ko an rubuta "aliment complet", wato cikakken abinci wanda mage za ta iya rayuwa a kansa shi kaɗai, ko kuwa "aliment complémentaire", wanda ƙari ne kawai, bai isa ya zama abincin kullum ba.

Ba gara a sayi babban buhu a huta ba?

Sau da yawa kilonsa ya fi sauƙi, amma sai an yi lissafi, kuma sai an yi la'akari da yanayinmu. Ƙwayoyin an lulluɓe su da mai, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, man yana yin ɗoyi da wuri bayan an buɗe buhu, har mage ta shinshina ta juya baya. Da damina kuma danshi yana kawo fumfuna. Mai mage ɗaya ya sayi abin da zai ƙare cikin wata guda ko mako shida. Maƙwabta biyu ko uku kuma za su iya haɗa kuɗi su sayi babba su raba, kowa ya ɗaure nasa da kyau ya sa a cikin bokiti mai murfi. Wanda ake ɗiba daga buɗaɗɗen buhu a ƙulla a farar leda kuwa, kada a saya sai an ga buhun na asali da ranar lalacewarsa.

Idan kuɗi ya gaza, za a iya haɗawa da tuwo, ko a ba ta abincin kare tun da ya fi araha?

Abincin kare ba ya maye gurbin na mage. Jikin mage ba ya haɗa isasshen sinadarin torin, dole ta same shi daga nama, kuma a shekarar 1987 likitocin dabbobi a Amurka suka tabbatar cewa rashinsa yana raunana zuciyarta, bayan an riga an san yana lalata ido har ya kai ga makanta. Tuwo da shinkafa suna cika ciki ne kawai, miyarmu kuma tana da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata jinin mage. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar cikakken abincin ya zama shi ne mafi yawan abin da take ci, sannan a cika da abin da mahauta da masu kaji ke sayarwa da sauƙi: zuciya, da ƙundu, da guntattakin nama, a dafa su ba gishiri ba yaji, da dafaffen ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya. Hanta a ba da kaɗan, sau ɗaya a mako, domin yawanta yana cutarwa. Idan kuma aka shafa bayan mage aka ji ƙashin baya da haƙarƙari sun fito fili, to awon bai isa ba, a ƙara shi, kuma a kai ta wurin likitan dabbobi ya duba ko tsutsar ciki ce ke cinye abincin.